Yaron da Guminsa ke da Gishiri

A Bishara ta Yohanna sura 9 almajirai sun ga mutumin da aka haifa makaho, suka nemi sanin zunubin wane ne ya jawo. Ubangiji ya wanke shi, ya wanke iyayensa. Amma har yau, idan yaro ya zo duniya da ciwo, mukan fara neman mai laifi, kuma galibi a kan uwa ake ɗora shi.

Akwai wata cutar gado da likitoci ke kira sistik faibrosis. Majinar jikin yaron takan yi kauri kamar ƙaro, ta toshe huhu da hanyar ruwan da ke narkar da abinci. Sai tari ya ƙi ƙarewa, yaro yana ci amma ba ya ƙiba. Uwa kan sumbace shi ta ji gishiri a goshinsa, shi ya sa da gumi ake gwajinta. Likita Dorothy Andersen ta bayyana ta a 1938, aka gano ƙwayar halittar da ke jawo ta a 1989. Ta fi yawa a cikin Turawa, musamman a Ayilan, ƙasar da Fada-fada da yawa na SMA suka fito suka yi aiki a Kaduna da Jos. A Afirka ma tana nan, sai dai akan ɗauke ta tarin fuka ko tamowa.

Gadonta irin na sikila ne, wadda muka sani sarai. Sai uba da uwa duka suna ɗauke da ita, alhali lafiyarsu ƙalau, sannan kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu. To, ina laifin uwa ita kaɗai?

A 2019 Amurka ta amince da maganin Trikafta, wanda ya sauƙaƙa wa masu yawa, amma tsadarsa ta fi ƙarfin talaka nesa ba kusa ba. Abin da ke hannunmu shi ne hidimar kullum: bubbuga ƙirjin yaro safe da yamma don kaki ya fita, abinci mai maiƙo, kuɗin mota zuwa asibiti. Wannan ɗawainiya kan gajiyar da gida guda. Muna roƙon Zumuntar Mata da matasa su raba ranakun ziyara a tsakaninsu, katekis kuma su riƙa tura iyayen yaron da tarinsa ya daɗe zuwa wurin likitan yara, su gaya masa har da zancen gishirin.