Rabi da Sulusi da Sumuni: Maƙala a kan Lissafin Kaso da Matsayinsa a Addini

Da sunan Allah nake farawa, kuma gare Shi nake neman taimako. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya halicci kowane abu bisa gwargwado, Ya sanya rana da wata su zama ma'aunin kwanaki da shekaru, Ya raba arziki tsakanin bayinSa, kuma Ya yanka wa kowane mai hakki hakkinsa. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya kai mai karatu, Allah Ya datar da ni da kai, wannan taƙaitacciyar maƙala ce a kan wani darasi da 'ya'yanmu ke karanta shi a ƙarshen firamare da azuzuwan ƙaramar sakandare, wato lissafin kaso: rabi da sulusi da rubu'i, da cikakkiyar lamba mai haɗe da kaso kamar uku da rabi, da lamba mai ɗigo kamar 0.25. Yara da yawa suna gudun wannan darasi, iyaye da yawa kuma suna ɗaukarsa abin boko zalla wanda amfaninsa ke ƙarewa a ɗakin jarrabawa. Abin da nake nufin bayyanawa shi ne, wannan ilimi yana daga cikin abubuwan da wasu farillai ba sa tsayuwa sai da su, kuma abin da wajibi ba ya cika sai da shi, malaman usulu sun ce shi ma wajibi ne.

Fasali na farko: kaso shida na gado

Ka sani cewa Allah Maɗaukaki da kanSa Ya ɗauki nauyin yanka rabon gado, a cikin Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12 da ta 176. Kason da aka ambata guda shida ne: rabi (1/2), rubu'i (1/4), sumuni (1/8), sulusi biyu (2/3), sulusi (1/3), da sudusi (1/6). A kan waɗannan aka gina ilimin fara'ili, wanda sahabi Zaidu ɗan Sabit, Allah Ya yarda da shi, ya yi fice a cikinsa, kuma duk almajirin da ya sauke Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani a zaure ya ratsa ta babinsa.

To, dubi kuskuren da ya fi yawa a littafin yaro. An ce ya tara 1/2 da 1/3, sai ya haɗa na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa, ya rubuta 2/5. A aji, jan biro kawai malam zai sa masa. Amma ɗauki wannan lissafi ka kai shi gidan makoki. Mace ta rasu ba ta bar ɗa ko jika ba, ba ta da uba ko 'yan'uwa, sai miji da uwa da baffa. Miji yana da rabi, uwa tana da sulusi, abin da ya saura na baffa ne. Malamin fara'ili zai nemi lambar da biyu da uku duk suke raba ta, wato shida, ya kira ta asalin mas'ala: miji uku, uwa biyu, baffa ɗaya. Idan abin da ta bari, bayan likkafani da bashi da wasiyya, naira 600,000 ne, miji ya ɗauki 300,000, uwa 200,000, baffa 100,000. Da lissafin yaron aka bi, da an tara wa miji da uwa 240,000 su biyu, an miƙa wa baffa 360,000. Ga dukiyar mutane an ci, ga zumunci an ɓata, duk daga rashin sanin cewa ba a tara kaso da kaso sai an daidaita lambar ƙasa. Abin da malamin zaure ke yi lokacin fitar da asalin mas'ala, shi ne dai malamin lissafi ke yi a allo lokacin neman lambar ƙasa ta tarayya.

Fasali na biyu: idan kaso ya zarce guda

Akwai mas'alar da ta shahara da sunan Mimbariyya, wadda malamai ke danganta amsarta ga Sayyidina Aliyu, Allah Ya yarda da shi, yana bisa mumbari. Mutum ya rasu ya bar mata, da 'ya'ya mata biyu, da uba, da uwa. Asalin mas'alar 24 ne. Mata tana da sumuni, wato 3. 'Ya'ya mata suna da sulusi biyu, wato 16. Uba yana da sudusi, 4, uwa ma sudusi, 4. In ka tara sai ka sami 27/24, wato ɗaya da sumuni. Rabon ya fi dukiyar yawa. Yaron da bai saba da kaso mai zarce guda ba, nan zai tsaya ya ce lissafi ya ɓaci. Lissafi kuwa bai ɓaci ba. Tun zamanin halifancin Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, sahabbai suka tsaya a kan hukuncin da ake kira auli: a raba dukiyar gida 27 maimakon 24, domin ragin ya shafi kowa gwargwadon rabonsa. Sumunin matar sai ya koma 3/27, wato ɗaya bisa tara. Idan dukiyar naira 2,700,000 ce, mata ta sami 300,000, kowace 'ya 800,000, uba 400,000, uwa 400,000.

Haka zakkar noma. Idan amfanin gona ya kai nisabi, wato wusuƙi biyar, sa'i 300 ke nan, ana fitar da ushuri (1/10) a abin da ruwan sama ya shayar, da rabin ushuri (1/20) a abin da aka shayar da wahala da kashe kuɗi. Manomin da ya sami buhu 35 na gero da damina zai fitar da buhu uku da rabi. Mai noman rani da ya sami buhu 35 na alkama da injin ban-ruwa zai fitar da buhu ɗaya da rubu'i uku. Wanda bai iya mayar da 35/20 zuwa 1¾ ba, ko dai ya tauye miskinai, ko ya dogara ga wani ya lissafa masa ibadarsa.

Fasali na uku: lamba mai ɗigo

Zakkar kuɗi rubu'in ushuri ce. A dinari 20 ana fitar da rabin dinari, a dirhami 200 ana fitar da dirhami 5. Ɗaya bisa arba'in ke nan, ko 0.025, ko kashi biyu da rabi cikin ɗari. Fuska uku, adadi ɗaya. Ɗan kasuwar da ke da naira 10,000,000, ta kai nisabi kuma shekara ta kewayo, zai fitar da 250,000. In ya gusar da ɗigon taki ɗaya ya danna 0.0025, sai ya fitar da 25,000, ya kwana da hakkin talakawa a wuyansa yana zaton ya sauke farali. Na'urar lissafi ba za ta tsawata masa ba, domin abin da aka danna mata shi take bayarwa.

Akwai kuma ruɗun da tsawon lamba ke jawowa. Ka tambayi yaro wanne ya fi girma tsakanin 0.5 da 0.125, sai ya zaɓi na biyun, don yana ganin 125 ta fi 5. Alhali na farkon rabi ne, na biyun sumuni, kuma sai an tara sumuni huɗu ake samun rabi. Mutanen Nijeriya suna da tsani mai sauƙi na fahimtar wannan. Tun ranar 1 ga Janairu, 1973, aka bar fam da sule, inda sule 20 ke yin fam, kwabo 12 ke yin sule, aka koma naira mai kwabo 100. A rubuta wa yaro ₦1.50 da ₦1.05, a tambaye shi wanne zai karɓa, zai gane da kansa cewa gurbin da lamba ta zauna shi ke ba ta daraja.

Wani abin lura mai muhimmanci: rabi da rubu'i da sumuni suna komawa lamba mai ɗigo su ƙare cif, 0.5 da 0.25 da 0.125, domin goma daga biyu da biyar aka gina ta. Amma sulusi da sudusi ba sa ƙarewa. 1/3 shi ne 0.333, ukun na ta maimaituwa ba iyaka. Saboda haka wanda ya yi wasiyya da sulusin dukiyarsa, wanda shi ne iyakar da Shari'a ta ba shi kamar yadda ya zo a hadisin Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, idan dukiyar naira 9,000,000 ce, wasiyyar 3,000,000 ce. Mai gaggawar da ya ninka da 0.33 zai sami 2,970,000, ya salwantar da 30,000 bai sani ba. Ƙa'idar ita ce a riƙe kaso yadda yake har ƙarshen lissafi, a raba da uku, kada a datse.

Fasali na huɗu: magabata ba su raina wannan fanni ba

Muhammadu ɗan Musa Alkhawarizmi, wanda ya rayu a Bagadaza zamanin halifa Ma'amun, ya wallafa littafinsa na Aljabru wal Muƙabala wajen shekarar 820, kuma babban sashe na littafin mas'alolin gado da wasiyya ne. Abul Hasan Al'uƙlidisi ya rubuta littafin lissafi a Dimashƙa a 952, wanda ke cikin mafi daɗewar rubuce-rubucen da aka ga kaso na goma-goma a cikinsu. Layin nan da yaro ke ja tsakanin lambar sama da ta ƙasa, an same shi a rubutun Abubakar Alhassar, malamin Magrib na ƙarni na 12. Jamshid Alkashi ya kammala Miftahul Hisab a Samarƙand a 1427, inda ya tsara aiki da lamba mai ɗigo filla-filla, tun kafin Simon Stevin ya yaɗa ta a Turai da ɗan littafinsa na 1585. A ƙasarmu ma an yi Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkashinawi, mutumin Katsina, wanda ya shahara da ilimin lissafi, ya rasu a Alƙahira a 1741. Duk wanda ya ce wa ɗansa lissafi ba namu ba ne, ya jahilci gadon gidansu.

Fasali na biyar: nasiha

Ya ku malaman makaranta, Allah Ya saka muku da alheri, kada ku fara da ƙa'ida kafin ido ya gani. A ba kowane yaro takarda ya naɗe ta biyu, ya sake naɗewa, ya sake, ya buɗe ya ƙirga gida takwas, ya shafa wa huɗu alli ya ga da idonsa cewa 4/8 rabi ne. A koya masa kintace kafin ya sa biro: rabi da aka ƙara wa wani abu ba zai taɓa komawa ƙasa da rabi ba, don haka 2/5 ba ta yiwuwa. Sannan a ba shi aikin yi kullum, ko da tambaya biyar ce, yana juya adadi ɗaya daga kaso zuwa ɗigo, daga ɗigo zuwa kashi cikin ɗari. Wannan ilimi kamar tilawa yake: kaɗan da ake yi kullum ya fi mai yawa da ake yi daren jarrabawa, kuma yau da gobe ita ke sa allura ginin rijiya.

Ya ku malaman Islamiyya da na zaure, ku sa ɗalibai su warware mas'alar gado da alƙalami, kada a tsaya ga haddar cewa mata tana da sumuni. Ku kuma iyaye, ku sa yara cikin lissafin gida: yadi biyu da rabi na ɗinkin Sallah ga yara huɗu yadi nawa ke nan, mudu uku da rabi na shinkafa nawa za a biya. Allah Ya saukar da sura guda, Suratul Muɗaffifina, wadda ta buɗe da gargaɗi ga masu tauye mudu, kuma cika awo yana bukatar sanin awo.

Ina ƙara jan hankali a kan 'ya'ya mata. Daga cikin magada goma sha biyu da Shari'a ta yanka wa kaso, takwas mata ne: mata, da 'ya, da 'yar ɗa, da uwa, da kaka, da 'yar'uwa shaƙiƙiya, da ta uba, da ta uwa. Su ne kuma aka fi cuta idan an zo rabo, domin sau da yawa suna cikin gida ana lissafi a zaure. Yarinyar da ta iya fitar da sumuni daga 2,400,000 ta san 300,000 ne, ba za a miƙa wa uwarta 200,000 a ce ta yi haƙuri ba.

Kai kuma ɗalibi, ka gyara niyya kafin ka buɗe littafi. Ka nufi tsare hakkin bayin Allah da wannan karatu, sai zamanka a kan benci ya zama abin lada. Ilimin fara'ili farali ne na kifaya. Idan gari ya rasa mai iya shi, laifin ya hau kan kowa. Kada ka ji kunyar tambaya, kada kuma kuskuren yau ya karya maka gwiwa, domin gara a gyara maka shi a allo da a kama ka da shi a dukiyar marayu.

Allah Ya sanar da mu abin da zai amfane mu, Ya amfanar da mu da abin da Ya sanar da mu, Ya buɗe ƙirazan 'ya'yanmu ga fahimta, Ya tsare mu daga cin hakkin wani da sani ko da jahilci. Allah ne Mafi sani. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Amin.