Wasan da Ya San Ƙurunƙus

Shin wajibi ne a kan wanda ya ƙirƙiri abin nishaɗi ya sanya masa ƙarshe? A nan Libreville, duk sa'ad da zancen yara da waya ya taso a majalisa, sai ka ji laifin ya tattara a kan yaron: ba ya jin magana, ba ya ajiye gem sai an ƙwace, yaran yanzu ba su da haƙuri. Ban ce babu gaskiya a ciki ba. Amma a ganina rabin maganar yana wurin mutumin da ya zauna ya tsara wasan, ya kuma yanke shawarar ko zai ƙare ko ba zai ƙare ba. Hujjata kuwa wani tsohon gem ne mai suna Super Mario Land.

Kamfanin Nintendo na Japan ya fitar da shi ranar 21 ga Afrilu, 1989, rana ɗaya da na'urar da ake buga shi a kanta, wato Game Boy. Na'urar ba ta wuce a riƙe ta da hannu biyu ba, tana cin batir huɗu, gilashinta kuma ba kala, sai inuwa huɗu tsakanin kore-kore da baƙi. Shigeru Miyamoto, wanda ya ƙirƙiri Mario, ba shi ya yi wannan ba. Aikin ya fito ne daga sashen Gunpei Yokoi, Satoru Okada ya jagorance shi, Hirokazu Tanaka ya tsara kiɗan. An sayar da fiye da kwafi miliyan 18.

Labarin ba shi da tsawo. Wani baƙo daga sararin samaniya mai suna Tatanga ya sace gimbiya Daisy, Mario ya bi sawu. Tafiyar ta ratsa masarautu huɗu, kowace da zango uku, jimla zango 12. Ta farko tana da dala irin na Masar, ta biyu ruwa ce, ta uku cike take da manyan kawunan dutse, ta huɗu kuma an yi mata fasalin ƙasar Sin. Aikinka gudu da tsalle: ka tsallake rami, ka taka abokin gaba, ka kwashi sulalla, in sun kai ɗari a ƙara maka rai guda. Agogo yana ƙirge, kuma abin da ka wuce ya wuce, gilashin ba ya komawa baya. Sau biyu salon yakan sauya, Mario ya shiga jirgin ƙarƙashin ruwa, daga baya ya hau jirgin sama. Wanda hannunsa ya faɗa zai iya gamawa cikin abin da bai kai awa ɗaya ba. Sai a kuɓutar da Daisy, sunayen waɗanda suka yi aikin su bi ta gilashin, shi ke nan. Mai son ƙari zai iya maimaita tafiyar da abokan gaba masu yawa, amma hanyar ita ce dai wadda ya sani, ba a ɓoye masa wata ƙofa da sai ya biya za a buɗe.

Mu yaran 'yan kasuwar Mont-Bouët da hannu na biyu abin ya iso mana, cikin kayan da ake kawowa daga Faransa. Lokacin an riga an karya darajar sefa a Janairun 1994, duk abin da ya ƙetaro teku ya yi tsada, har da batir. Na'ura ɗaya ce a tsakanin yara kusan shida a layinmu, saboda haka muka yi doka: in rayukanka sun ƙare, ka miƙa wa na kusa. Kaset ɗin ba ya ajiye inda ka tsaya, kana kashewa sai ka koma zangon farko. Ta ko'ina iyaka ce ta kewaye mu: rai yana ƙarewa, batir yana ƙarewa, hasken rana yana ƙarewa tunda gilashin ba shi da fitila, labarin kansa yana ƙarewa. Ba na tuna ranar da wani babba ya zo ya ƙwace mana shi. Wasan ne da kansa yake sallamar mu.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Tatsuniya tana da mabuɗi tana da marufi. In mai bayarwa ta ce ƙurunƙus, yara sun san an tashi, kowa ya nemi shimfiɗa. Haka dara, in an cinye an cinye, sai a sake zubi ko a watse. Magabata sun fahimci cewa yaro ba ya iya tsayar da kansa daga abin da yake jin daɗinsa, sai suka gina tsayawar a cikin abin daɗin. Tausayi ne, ko da ba su kira shi da wannan suna ba.

To dubi yawancin gem ɗin da ke cikin wayoyin 'ya'yanmu a yau. Kyauta ake saukewa, amma banza ba ta kai zomo kasuwa. Ba su da zangon ƙarshe. Akwai kyautar da ake ba ka in ka shiga kullum, in ka tsallake rana ka yi asara. In ranka ya ƙare sai a ce ka kalli talla ko ka tura kuɗi a dawo maka da shi. Akwai akwatin da za ka saya ba ka san abin da ke ciki ba sai ka buɗe. A 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta ce irin wannan akwati caca ne. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da sanya kamuwa da wasan gem cikin jerin cututtukanta. A 2021 ƙasar Sin ta taƙaita wa yara wasan intanet zuwa awa uku a mako. Gwamnati ta shigo tana kafa shingen da mai wasan ya ƙi kafawa.

Na san abin da wani zai ce, kuma maganarsa tana da nauyi. Zai ce Yokoi da mutanensa ba don tausayin yara suka gajarta wasan ba, kaset ɗin ne ba ya ɗaukar fiye da haka. Gaskiya ne. Shekara uku bayan nan, da suka samu sarari, sun fitar da Super Mario Land 2 a 1992, ya fi na farko girma, yana kuma ajiye inda ka tsaya. Zai ƙara da cewa Nintendo ba waliyyi ba ne: shi ma a 2019 ya fitar da Mario Kart Tour a waya da tsarin biya ka gwada sa'arka, sai a 2022 ya cire. Wannan ma gaskiya ne.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Ni ba niyyar da ke zuciyar Yokoi nake aunawa ba, tsarin cinikin nake dubawa, kuma wannan abu ne da duk wanda ya tashi a rumfar kasuwa ya sani. Mai kaset sau ɗaya ake biyan sa. Ribarsa tana cikin ka ji daɗi, ka gama, ka faɗa wa abokinka, in ya kawo wani kaya gobe ka dawo. Kamar mai shinkafa ne da ya cika maka mudu, kuka yi sallama da Allah ya sa albarka. Shi kuwa mai gem ɗin da ba ya ƙarewa, ƙoshinka asararsa ce. Ranar da ka ce ya ishe ni, ranar kasuwarsa ta mutu. Dole ya ɗauki ƙwararru su nemo dabarar da za ta hana ka faɗin haka. Da cinikin da ke son ka ƙoshi da wanda ke rayuwa da yunwarka ba ɗaya ba ne, ko da a ce duka biyun kuɗi suke nema. In kuma wanda ake wa dabarar yaro ne ɗan shekara tara, to maganar ta wuce ciniki, ta zama ta amana.

Wani kuma zai ce ai koyon kame kai aikin gida ne, ba na kamfani ba. Na yarda aikin gida ne. Sai dai uba da ke fita rumfa da asuba ya dawo bayan magariba, ko uwa da ke fama da girki da goyo, ba za su iya kokawa da abin da aka ƙera musamman don ya rinjaye su ba. Ba adalci ba ne a haƙa rijiya a bakin ƙofar gida ba murfi, sannan a ce laifin iyaye ne in yaro ya faɗa.

Saboda haka amsata ita ce e, akwai wannan nauyi a kan mai ƙirƙira, musamman in ya san yara ne za su riƙe abin da ya yi. Mu kuma da ba mu da iko a kan kamfanonin da ke Tokyo ko Amurka, akwai abin da ke hannunmu. Kafin ka bar ɗanka ya sauke gem, kada tambayarka ta tsaya kan ko akwai batsa ko zubar da jini. Ka tambaye shi: wannan wasan ana gama shi? In ya ce ana gamawa, ka ce ya nuna maka ranar da ya kai ƙarshe, ka taya shi murna. In ya ce ba a gamawa, to ka sani ƙurunƙus ɗin yana bakinka, kuma ba wanda zai faɗe shi in ba kai ba.