Ɗigo Ɗaya Tsakanin Angistirom da Nanomita

Ran Juma'a bayan sallar la'asar ɗan yayata ya shigo mini da takardar jarrabawa a hannu, ransa a ɓace. Shekararsa ta farko ke nan a jami'a, yana karanta kimiyyar sinadarai. An tambaye su tazarar da ke tsakanin ƙwayoyin zarra biyu na kabon da ke maƙwabtaka a cikin daimon, aka ce su ba da amsa da nanomita. Shi abin da ya haddace 1.54 ne, sai ya rubuta 1.54, malamin kuwa ya soke amsar gaba ɗaya.

"Kawu, don Allah duba ka gani," in ji shi. "Lambar fa daidai take. Ɗigo ne kaɗai bai zauna inda malam yake so ba. Ko rabin maki ai ya ba ni."

Na ce, "Zauna tukuna. Atamfar da mahaifiyarka take sarowa a Kantin Kwari, turmi ɗaya nawa ne tsawonsa?"

Ya ce, "Shida."

"Shida me?"

Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "Yadi shida."

To, a ce wata ta zo daga Maraɗi, inda aka saba awo da mita, aka ce mata shida, ta ɗauka mita shida ake nufi. Yadi ɗaya mita 0.9144 ne, saboda haka yadi shida bai ma cika mita biyar da rabi ba. Sai ta isa wurin tela za ta gane cewa fiye da rabin mita babu shi, kuma mai yiwuwa ɗankwalin ne ya tafi. Babu wanda ya yi mata ƙarya. An dai faɗi lamba ne ba a faɗi ma'auninta ba. Wannan kuwa ƙaramin saɓani ne idan aka kwatanta da na yaron nan, domin shi ninki goma ya yi. Kamar an aiko shi sayen yadi shida ne ya rubuta sittin.

Lambar da ya haddace gaskiya ce, amma da wani ma'auni aka auna ta, wanda ake kira angistirom. Ga yadda tsanin yake. A raba mita gida dubu, an sami milimita, wato ƙananan zanen nan da ke jikin rula. A sake raba milimita gida dubu, an sami maikuromita, kuma kaurin gashin kai guda yakan kai 50 zuwa 100 da wannan awo. A sake rabawa dubu, nanomita. A ƙara, fikomita. A ƙara, femtomita. Kowane mataki dubu ne cif. Angistirom shi kaɗai ne bai tsaya kan mataki ba, ya raɓe tsakanin biyu: goma nasa ke yin nanomita ɗaya, shi kuma a cikinsa akwai fikomita ɗari. Saboda haka angistirom 1.54 shi ne nanomita 0.154, shi ne fikomita 154, shi ne mita 0.000000000154. Wanda ke son komawa mita kai tsaye sai ya tuna cewa mita ɗaya angistirom biliyan 10 ne. Ɗalibin da hannunsa ya saba da tsallen dubu-dubu, a nan ƙafarsa take zamewa.

Yaron ya ce, "To Kawu, tun da yana rikita mutane, me ya sa ba a jefar da shi ba?"

Tambaya ce mai kyau, kuma gaskiya ne angistirom ba ya cikin tsarin awo na duniya da ƙasashe suka amince da shi. Amma kowace sana'a takan zaɓi ma'aunin da ya dace da hannunta. Mai hatsi da mudu yake awo, maƙerin zinariya da giram. Babu wanda ya hana a faɗi nauyin ɗan kunne da tan, sai dai sifili zai cika takarda a banza. Shi angistirom kamar an yanka shi ne daidai jikin ƙwayar zarra, domin faɗin galibinsu yana tsakanin ɗaya da biyar da wannan awo. A cikin ruwan da muke sha, tazarar oksijin da haidirojin kimanin 0.96 ce. A cikin gishiri, tsakanin sodiyam da kulorin 2.82. A cikin baƙin zuciyar fensir, wanda shi ma kabon ne kamar daimon, ƙwayoyin suna jere ne falle-falle: a cikin falle guda tazararsu 1.42, amma tsakanin falle da falle 3.35, kuma riƙon da ke tsakanin fallayen sako-sako ne. Shi ya sa in ka goga fensir a takarda fallayen suke zamewa su bar zane, alhali daimon, da yake kowace ƙwaya ta ƙulle da huɗu a tazarar 1.54, gilashi yake yankawa. Lambobi ne da baki ke iya faɗa, kai kuma ya riƙe. Dalilin da masu binciken ƙirar duwatsu da sinadarai suka ƙi sakinsa ke nan, kuma ni ina ganin suna da hujja.

Kalmar zarra ma daga Larabci muka samo ta, kuma malamanmu sukan fassara ta da 'yar ƙaramar tururuwa ko ƙurar nan da ake gani tana yawo idan hasken rana ya ratso ta taga. Ita ce mafi ƙanƙantar abin da ido ya sani a da. Ƙurar nan kuwa, in aka jera ta da abin da masu kimiyya suke kira zarra yau, dutse ce babba.

Sunan ma'aunin na mutum ne, Anders Angstrom, malami a jami'ar Uppsala ta ƙasar Suwidin, wanda ya rayu daga 1814 zuwa 1874. Shi ba ƙwayar zarra ya tashi aunawa ba, haske ne. Duk wanda ya taso yana sauraron rediyo ya san sanarwar nan ta gajeren zango, a kan mita 19 ko mita 25. Mitar nan ba ado ba ce, tsawon igiyar da ke ɗauko muryar ne. Haske ma igiya ne irin wannan, sai dai zangonsa gajere ne ƙwarai, kuma tsawon zangon ne ke bambanta launi da launi. Mai girki ta san cewa idan miya ta tafasa ta zubo kan wutar gas, shuɗin harshen wutar yakan koma ruwan ɗorawa. Sodiyam ɗin cikin gishiri ne ke yin haka, kuma zangon wannan haske kimanin angistirom 5,890 ne, wato nanomita 589. Sai an jera irinsa sama da miliyan 32 kafin a cike zango ɗaya na mita 19.

A 1868 Angstrom ya fitar da taswirar hasken rana, inda ya auna zangon layuka kimanin dubu da ke bayyana idan aka warware hasken zuwa launukansa. Ya rubuta awonsa da kashi ɗaya cikin miliyan 10 na milimita, daga baya aka laƙaba wa wannan ɗan awo sunansa. Abin da ya fi tsaya mini a rai a labarinsa shi ne kuskuren da ya same shi. A zamaninsa mita sanda ce ta filatinam da aka ajiye a Paris tun 1799, masu awo a wasu ƙasashe kuma suna aiki da kwafinta. Mutumin nan bai yi sakaci ba, har ya sa aka gwada sandarsa ta Uppsala da ta Paris. Amma gwajin bai fita daidai ba. Kuskuren bai kai kashi ɗaya cikin dubu ba, duk da haka ya bi kowace lamba ta cikin taswirar, sai daga baya abokin aikinsa Robert Thalen ya bayyana gyaran. Duk wanda ya taɓa sayen hatsi da mudun da gindinsa ya loɓa ya san wannan. Ko mai awon waliyyi ne, buhun ba zai cika ba.

Saboda irin haka ne masana suka nemi ma'aunin da ba ya lanƙwasa, ba ya tsatsa, ba a kuma kulle shi a akwatin wata ƙasa. A 1907 masu nazarin rana suka ɗaure angistirom da jan hasken da sinadarin kadmiyam ke fitarwa, suka ce zangonsa 6438.4696 ne. A 1960 aka ɗaure mita kanta da hasken iskar kirifton, angistirom kuma ya koma daidai kashi ɗaya cikin goma na nanomita, ba ƙari ba ragi. A 1983 aka sake ayyana mita da tafiyar da haske ke yi a sarari marar iska cikin kashi ɗaya bisa 299,792,458 na daƙiƙa. Tef ɗin da ke rataye a wuyan tela ma, in aka bi salsalarsa, can yake komawa, domin inci santimita 2.54 ne daidai.

Akwai wani ma'aunin da ya fi tuna mini da awon kakanninmu. Su daga jikinsu suka ɗauko ma'auni: taƙi daga tafin hannu, kamu daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, gaba daga buɗe hannuwa biyu. Matsalarsa sananniya ce, kamun dogo ba na gajere ba ne, shi ya sa mai wayo yakan je sayen sawaye da ɗan'uwansa mai dogon hannu. Masu lissafin ƙwayar zarra su ma daga jikin abin suka ɗauko nasu kamun. A 1913 Niels Bohr na ƙasar Denmak ya lissafa tazarar da ke tsakanin cibiyar ƙwayar haidirojin da ƙwayar lantarkin da ke kewaya ta, kuma wannan tazara, da aka sa wa suna bor, ita ce kamun masu wannan fanni. Bambancinsa da namu shi ne babu doguwar haidirojin babu gajera, ta Kano da ta cikin rana duk ɗaya ne. Bor ɗaya angistirom 0.529 ne, wato fikomita 52.9, angistirom ɗaya kuma bor 1.89. Na gargaɗi yaron tun yanzu, domin nan gaba zai haɗu da manhajojin kwamfuta masu lissafin sinadarai, wasu da bor suke karɓar lamba, wasu da angistirom. In ya zuba wannan a madadin wancan, kwamfuta ba za ta tambaye shi ba, za ta miƙe sinadarin kusan ninki biyu ko ta matse shi kusan rabi, ta ba shi amsa mai kyan gani wadda ba ta da tushe.

Can ƙasa kuma akwai femtomita, wanda masu nazarin cibiyar zarra ke kira farmi don girmama Enrico Fermi ɗan Italiya. Angistirom ɗaya farmi 100,000 ne. Faɗin cibiyar haidirojin bai kai farmi biyu ba. Da za a kumbura ta ta kai ƙwayar gero mai milimita 2, da faɗin zarrar gaba ɗaya ya ɗara tsawon filin ƙwallo.

Wani abin da ya kamata mai sayen waya ya sani: idan kamfani ya ce ƙwaƙwalwar wayarsa ta nanomita 5 ce ko 3, ko Intel ta kira sabuwar fasaharta 18A da nufin angistirom, sunan zamani ne na ƙira, ba awon wani sashe na na'urar ba ne. Ni ban so wannan al'ada ba, domin tana koya wa mutane cewa ana iya aro sunan ma'auni a yi talla da shi.

Kafin ya tafi na aika aka kawo gishiri daga kicin, na ɗora ƙwaya ɗaya a tafin hannunsa. Na ce mu ɗauka faɗinta rabin milimita ne, ya lissafa mini zarra nawa ke jere a gefenta guda. Ya mai da rabin milimita angistirom 5,000,000, ya raba da 2.82, ya sami kusan miliyan 1 da dubu 773. Ya daɗe yana kallon ƙwayar. Na gaya masa cewa wannan jeri na sodiyam da kulorin, Lawrence Bragg da mahaifinsa William ne suka gano shi a Ingila a 1913, ta hanyar haska gishiri da irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi, kuma a 1915 aka ba su kyautar Nobel tare. Na kuma ce ya dubi farcensa, wanda ke tsiro kimanin milimita 3 a wata, wato wajen angistirom goma kowace daƙiƙa.

Kirana ga malamanmu na sakandare shi ne su daina karɓar lamba tsirara daga ɗalibi tun daga aji ɗaya, su kuma riƙa shiga aji da gishiri da rula da tef ɗin tela, don yaro ya taɓa abin da yake juyawa a takarda. Malamin da ya soke amsar nan bai zalunci ɗan yayata ba, kuma haka na faɗa masa.

Na ba shi aikin gida guda. Zaren gadon halitta, wanda ake kira DNA, kamar tsani yake a murɗe, tsakanin mataki da mataki angistirom 3.4, kuma a cikin galibin ire-iren ƙwayoyin halittar jikin mutum akwai matakai kimanin biliyan 6. Na ce ya faɗa mini tsawon zaren ƙwaya ɗaya in aka warware shi.

Washegari da safe ya kira ni a waya, muka gaisa, ya ce, "Kawu, angistirom biliyan 20.4 ne. In aka raba da biliyan 10, mita 2.04."

Na ce, "In mahaifiyarka ce ta tambaya fa?"

Ya ce, "Yadi biyu da kusan kwata."