Amanar Fadama

Karatu: Farawa 2:15

Tun kafin zunubi ya shigo duniya Allah ya ɗora wa Adamu kula da gonar Aidan. Amanar nan tana wuyanka har yau.

Dubi fadamar Haɗeja da Nguru. Bayan gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ambaliyar damina ta ragu, ciyawar kacalla ta toshe magudanan ruwa. Manomin shinkafa da masunci da makiyayi duk sun ji a jika. Amma inda aka yi gayya aka yashe magudanan, ruwa ya sake isa gonaki.

Ranar gayya, ka yi addu'a, sa'an nan ka ɗauki laujenka ka bi maƙwabtanka.

Addu'a: Ya Uba, ka iske ni mai aminci a kan ƙasarka, cikin sunan Yesu. Amin.