Jarumin Wani, Azzalumin Wani: Tunani a kan Magaji Ɗan Yamusa

Duk wanda ya taso daga Garaku ya nufi Keffi zai ga dutsen da ake kira da sunan Kyaftin Moloney, Baturen da aka kashe a garin a watan Oktoba na 1902. Wanda ya kashe shi shi ne Magaji Ɗan Yamusa, wakilin Sarkin Zazzau a Keffi, mayaƙin da ƙarfinsa ya kai har ana jin tsoronsa fiye da sarkin garin.

Daga nan ya gudu Kano, Sarki Alu ya karɓe shi da girmamawa. Gwamna Lugga ya riƙe wannan cikin hujjojinsa na kai wa Kano yaƙi a Fabrairun 1903. A Burmi Magaji ya faɗi, a watan Yuli na wannan shekara, tare da Sarkin Musulmi Attahiru.

Masu kiransa jarumi suna da gaskiyarsu. Ya ƙi sunkuyar da kai ga baƙon da ya shigo da bindiga ba tare da gayyata ba, ya kuma biya da ransa. Amma, iyaye, ku tambayi tsofaffin ƙauyukanmu abin da ya sa kakanninsu suka bar fili mai albarka suka hau duwatsu. Harin kama bayi ne ya kore su, kuma da irin wannan hari Magaji ya yi suna. 'Yancin da ya kare ya haɗa da 'yancin kama ɗan wani a kai kasuwa. Uwar da aka ƙwace wa ɗa a bakin rafi ba ta da mawaƙi, shi ya sa sunanta bai iso gare mu ba.

Kada kuma mu yi saurin wanke Bature. Ya hana cinikin bayi, haka ne, amma shi ya kawo aikin tilas, shi ya hallaka mutanen Satiru a 1906.

To, me za mu faɗa wa yaron da ya dawo daga makaranta da rabin labari? A ganina, ƙarfin halin mutum ba ya goge zaluncinsa, zaluncin kuma ba ya mai da shi matsoraci. Jikokin Magaji da jikokin waɗanda aka kama yau benci ɗaya suke zama a makarantun Keffi, kuma malaminsu na tarihi yana da minti arba'in kacal.