Ƙanshin Farko da na Ƙarshe

Ran kasuwa mun tsaya wurin wani mai turare, ya ɗiga mana kaɗan a bayan hannu. Da muka sansana sai muka ji kamar an ɓare lemo, nan da nan muka biya. Kafin mu kai gida wannan ƙanshi ya gudu, wani mai kama da furen wardi ya maye gurbinsa. Da almuru kuma sai ga na uku, mai nauyi, irin na itacen sandal, shi ne ya kwana tare da mu. To, 'yan makaranta, a cikin ukun nan wanne ne turaren? Mai turare ya cuce mu ne?

Masu haɗa turare, irin na garin Giras a ƙasar Faransa, da gangan su ke jera shi hawa uku. Man ɓawon lemo ba shi da nauyi, cikin kamar minti 15 iska ta kwashe shi. Na furanni, watau wardi da yasmin, ya kan yi 'yan sa'o'i. Na ƙasa kuwa, su sandal da almiski da jibda da ambar, shi ke riƙe sauran, har ya kan kwana biyu a tufa.

Abin mamaki, waɗansu daga cikin na ƙasan nan asalinsu ba daɗi. Jibda, wadda a ke samu a jikin tunkun juda, in ka sansana ta tsantsa sai ka kau da kai. Ambar kuwa daga cikin wata ƙatuwar dabbar teku ya ke fitowa da wari, sai ya yi shekaru bisa ruwa, rana na dukansa, sa'an nan ya yi ƙanshi.

Haka mutum ya ke. Fara'a da iya gaisuwa su ne lemonsa. Ba mu ce ƙarya ce ba, sallama ce, wanda ba shi da ita ya kan kori mutane tun ba su san alherinsa ba. Saboda haka mai turare bai cuce mu ba, mu ne muka yi garajen biya.

Mun sha ganin yaro ya shigo makaranta, ran farko kowa na sonsa, kafin wata uku an gane ba a ba shi ajiyar ko anini. Wani kuwa ba ya da zaƙin baki, in ka yi laifi ya faɗa maka a ido, ka ji haushi kamar ka shaƙi jibda. Amma ran da ka kwanta ciwo, shi za ka gani da ƙwaryar kunu.

To, in za ku sayi turare, ku shafa, ku zaga kasuwa, ku komo tukuna. In za ku yi aboki ma, ku yi masa wannan haƙuri, gama ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare. Ku tuna kuma, yadda ku ke sansana waɗansu, haka a ke sansana ku.