Bayan Ɗinki: Kwanciyarki Son Jiki Ce?

'Yar uwa, a ce an yi miki aikin gyara a Babbar Ruga ta Katsina, asibitin da likitan nan ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya fara ɗinke matan da doguwar naƙuda ta bari da yoyon fitsari tun cikin shekarun 1980. An cire robar, kin bushe, kin hau motar Daura kin sauka a Mashi. Likita ya sallame ki da sharuɗɗa: ki yawaita shan ruwa, ban da ɗaukar nauyi, ban da kwanciyar aure har wata uku ko fiye. To a watannin nan wa ya fi haƙƙi a kanki, gidan ko jikin?

Sati biyu ba za su cika ba za ki fara jin magana. "Ai ta warke, kwanciyar me kuma?" Ga surfe, ga guga a bakin rijiya, ga abokiyar zama ta gaji da riƙe miki girki, kuma gajiyarta gaskiya ce. An raine mu da kunya da kawaici, shi ya sa da yawanmu za su ɗauki taɓarya don kada a ce musu ragwaye.

Amma ki san abin da aka ɗinke. Tsakanin mafitsara da gaba nama ne siriri, kan jariri ya danne shi har jini ya daina kai masa, ya mutu ya ɓule. A kan tabo likita ya yi aiki, tabo kuwa ba ya saurin kamawa. In ya warware, ɗinki na biyu ya fi na farko wuyar ci.

Malamai sun raba gyaran lalura da canza halitta don ado. Hujjarsu sahabi Arfaja, wanda aka sare wa hanci a yaƙi, Manzon Allah (SAW) ya umarce shi ya sa na zinare. In gyaran ya halatta, a ganina kiyaye shi amana ce. Wadda ta ɓalle ɗinkinta don gudun surutu bakin mutane ta bi, ba haƙuri ta yi ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne maigida. Haƙƙinsa ba abin wasa ba ne, kuma kin san matan da aka tura gida tun lokacin larurar, don haka tsoronki na a sake ki ba shirme ba ne. Sai dai Shari'ar da ta ba shi haƙƙin ita ta dakatar da shi lokacin haila da jinin biƙi, ita ce kuma ta yarda mara lafiya ta sha ruwa a Ramadan ta rama daga baya. Mai jego ma kwana 40 take yi ana tafasa mata ruwa, ba mai ce mata raguwa. Me ya sa mai ɗinki ba za ta samu irin wannan ba?

Kada ki bar maganar a bakinki ke kaɗai. Ranar komawa asibiti ku tafi tare, ya ji da kunnensa, har da batun cewa haihuwa ta gaba a asibiti za a yi ta, da aiki. In kin ga zaman ɗaki ɗaya zai gagara, ki nemi izininsa ki yi watannin a gaban mahaifiyarki, babban da yake jin nauyinsa ya shiga maganar.